Wayata a Hannun Taubashina

Ni na koya masa wasan, wannan nake so a fara sani. Shekarar da na sayi babbar waya bayan mun yanke shinkafar rani, ɗan goggona bai san ko inda ake danna harbi ba. Wasan bindiga ne na waya, ana zuba ku huɗu-huɗu a wani tsibiri, ƙungiyar da ta rage da rai ita ta ci. In na ba shi ya taɓa, sai ya yi ta harbin sama yana karo da bango, ni kuwa ina kishingiɗe a kan buhuna a injin casar shinkafarmu na Gummi ina dariya har da hawaye.

Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka a al'ada bawana ne. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ce masa bawan banza, ya ce mini ubangiji matsiyaci, Inna tana ji sai dai ta girgiza kai. Tsakanin taubasai babu fushi, kome ka faɗa wasa ne. Na fi son wannan zagin nasa da gaisuwar mutane da yawa.

Cikin shekara ɗaya ya wuce ni. Ya koyi wasa da yatsu huɗu, ni kuwa manyan yatsuna biyu da fartanya ta busar sun ƙi koyon kome. Wata ƙungiya ta ƙwararru, yaran Kaduna da Legas, suka ga wasansa suka ɗauke shi, har da albashi da riga mai tambari. Ranar da ya sa rigar ya ratsa tasha, na ji abin har cikin haƙorana. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Wasan taubasai kuma ya ba ni mafaka. Sai in tsaya a gaban mutane in ce Allah ya sa a harbe shi tun bai sauka tsibirin ba, in ce rigar ma aro ce. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, ya rama. Ni kaɗai na san da gaske nake.

Wata babbar gasa ta zo ranar wata Asabar bayan azahar. A waya ake bugawa, kowa daga garinsu, ga masu sharhi da Turanci, duniya tana kallo. Sabis ya fi ƙarfi a kan rufin injinmu, can muka kafa masa rumfar buhu, muka hau da tulun ruwa, don wayarsa tana zafi sai an manna bayanta a jikin tulu. Samarin unguwa suka cika ƙasa suna kallo a wayoyinsu.

Da safen ranar na yi abin da ɗan gidan malamai bai kamata ya ko kusanta ba. Na buɗe manhajar caca, na zuba a kan cewa ƙungiyarsa ba za ta kai labari ba. Ba kuɗin nake so ba. So nake in ya faɗi, a ce akwai wanda ya san haka tun farko.

Zagaye uku suna gaba, ni ina zaune kusa da shi ina fifita wayar da murfin kwali. Kafin na huɗu wayar ta ɗauke ɗif, tulu ma ya kasa. Saura minti biyu a koma.

"Kai matsiyaci, miƙo wayag ga taka, tawa ta yi zahi," ya ce, ya fizge ta daga aljihuna kamar yadda ya saba. Ya san lambar buɗewa, ai a kanta ya koyi wasan.

Ban rufe shafin cacar ba, don tun fara gasar nake leƙawa a ɓoye. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya karanta. Sunan ƙungiyarsa ne ɓaro-ɓaro, da abin da na zaɓa mata. Na buɗe baki zan ce wasa ne, amma har ni na san ba a kai wasan taubasai gidan caca a ɓoye.

"Mi ya hwaru?" wani daga ƙasa ya tambaya, ganin bai shiga wasan ba.

"Ba komi," ya ce. Ya share shafin, ya shiga wasan, ya buga zagaye biyun da suka rage da wayata. Ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Suka ci, unguwa ta ɗauki ihu, aka sauko da shi a kafaɗa. Kafin nan ya ajiye mini wayar a gefen tulu, ya ce na gode.

Na kwana biyu ina jiran ya tona ni, ko wurin Baba ko a gaban abokai. Da ya yi haka da na samu abin musu, ko ba kome mu yi faɗa mu shirya. Bai gaya wa kowa ba, har yau kuma ban ji maganar a bakin wani ba.

Rana ta uku ya zo gaida Inna, ya same ni a zaure. Na yi ƙarfin hali na ce, "Bawa, an zama manya ke nan?"

Ya cire takalminsa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Yaya, an wuni lahiya? Ya aiki?"

Shekara uku ke nan, haka yake gaishe ni, cikin ladabi, duk inda muka haɗu. Inna tana ta yaba shi, wai yaron ya yi hankali.