Bakin Alhasan da Yatsan Rakiya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe yayana Alhasan a nan Agadas, kuma har yau ban huce da aikin da ya yi ba.

Awon jini yake yi a labo, wato ɗakin gwaji na gidan likita. A zamaninsu da baki ake aikin. Akwai wani siririn bututun gilashi mai zane-zane, pipet suke ce masa. Sai ya tsoma shi cikin jinin majinyaci, ya tsotsa a hankali har ya kai zanen da yake so, ya toshe da yatsa. Yana ji da wannan baki nasa, wai ko sikeli bai kai shi daidai ba. Da azumi kuwa mu sha dariya: in jini ya zarce ya taɓa masa harshe, ba cuta yake tsoro ba, azuminsa yake ji. Ya kurkure baki, ya garzaya wurin liman da tambaya. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi. Likitoci ba su ce daga pipet ba ne, ni ce na faɗa, kuma ban janye ba.

Shi ya sa da ɗiyarsa Rakiya, wadda na riƙa tun tana ƙarama, ta ce aikin ubanta za ta karanta, na ce ba da yawuna ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba ta yi mini gardama ba, ta dai lallaɓa ni har labo ɗin da ake koya musu. Ta sa safar hannu, ta ɗauki wani abu kamar alƙalami, ta danna da babban yatsa, ɗigon ruwa ya hau.

"Gwaggo, kin gani? Yanzu baki ya huta."

Na tsaya ina tunanin abin da Alhasan zai ce. Na san halinsa: zai taɓe baki ya ce aikin ragwaye ne, sannan ya karɓa ya yi ta dannawa har a kira azahar.

Rakiya ba ta taɓa ganinsa a bakin aiki ba, amma sai ga ta ta ɗaga abin saitin taga, ta runtse ido ɗaya tana duban ɗigon, sak ubanta. Bai bar mata gida ba, bai bar raƙuma ba, wannan natsuwa ya bari, kuma ta isa gado.

Na sa mata albarka a wurin. A hanyar gida ne na yi kuka, don abin da zai bar mana Alhasan a raye bai wuce tsawon tafin hannu ba, bai dai zo da wuri ba ne kawai.