Sai Muhtari Ya Ga Wayales Ya Kama

Duk mai kwamfuta a Ƙaura Namoda ya san Muhtari, kuma ya san halinsa. Ka kai masa kwamfuta ka ce ya sauke Windows ya ɗora maka Linux, ba zai goge komai ba sai ya fara tayar da ita da Linux ɗin daga filashi, ya ga wayales ya kama, ya gwada kyamara. Wai ba kowane ƙarfe ne ke jituwa da kowace manhaja ba. Ni maƙwabcin shagonsa ne, tela, na sha yi masa tsiya a kan wannan jan rai. Da na ji dalili, ban ƙara ba.

Mutumin Galadi ne. Tun da hanya ta lalace bai koma gida ba, babbar wayarsa ma a hanyar aka ƙwace ta. Sai ƙanensa Namadi ya ɓullo da dabara: ranar kasuwar Shinkafi ya ɗauko Innarsu a babur, ya ari waya, su kira ta bidiyo. Muhtari ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa, ya jona da wayales ɗin Nkiru mai kemis, ya ga tsohuwa har zanen fuskarta.

Wata Alhamis da safe, ranar kasuwar, kwamfutar ta ishe shi da nauyi, ya share ta tas, ya ɗora Linux. Ta tashi garau, tana gudu. Amma ko alamar wayales babu. Sabuwar manhajar ba ta san ɗan ƙarfen da ke kama shi ba, abin da zai haɗa su kuma sai an sauke shi daga intanet ɗin da babu.

Namadi ya kira ƙaramar wayar Muhtari. "Yaya, ga Inna tana jira."

Nkiru ta miƙo tata wayar. Shi kuwa gwani, ina! Ya ce yanzun nan zai gyara, a babban allo yake son ganin uwarsa. Yana ta fama har la'asar ta kawo jiki, masu babur suka ce tafiya za su yi, ba a yin yamma a hanyar Galadi.

Inna ta karɓi waya ta ce, "Na ji muryarka, ɗan nan, ganinka ne ban yi ba. Allah shi kai mu wani mako."

Kafin wani makon aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya. Labarin rasuwarta ma a bakin wani direba ya ji shi.

Rannan na same shi ya tasa kwamfutar wani malami a gaba, yana jiran wayales ya kama. Bai ɗago ba ya ce mini, "Wallahi kewarta nake yi. Muryar tana nan a kunnena. Fuskar ce ta fara ɓace mini."