Suman da Albasa Ba Ta Tayarwa

A gidanmu ni ce gwanar suman ƙarya. Da an zubo albasa tsakar gida an ce a zauna tsinta, sai jiri ya kwashe ni. Maganin suma kuwa a garinmu, gabas da dam ɗin Goronyo, guda ne: a fasa albasa a cusa maka a hanci. Wadda ni kaɗai na shaƙa ta isa ta cika tirela.

Yayata da ke karatun jinya a Sakkwato ce ta fara ɓata mini sana'a. Da ta zo hutu ta ce mai suma yana numfashi daidai. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa ba ya amsa kira, numfashinsa ya ɗauke ko ya koma wani irin munshari jefi-jefi. Na dame ta da tambaya. To mi ake yi? Ta jawo matashin kai ta ce shi ne ƙirjin mutum, ta ɗora hannuwana a kai, ɗaya bisa ɗaya, ta ce in danna tsakiya da ƙarfi, da sauri. Wai hannu ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa kafin a kai asibiti. Na yi ta mamaki, a ce hannun da ke satar ƙuli ya yi aikin zuciya!

Wata hantsi na kai wa Kawu fura a gonar rani. Yana buɗe wa albasa ruwa daga kwata, ya ce, "Sarauniyar suma, yau ba ki hwaɗi a hanya ba?" Bai rufe baki ba ya kife. Na ɗauka kwaikwayona yake, har na yi dariya.

Maƙwabtan gona sunka rugo. Wani tsoho ya fasa albasa ya danna masa. Na ƙura wa hancin ido, don na san ba mai rai da lafiya da zai jure wannan. Ko gezau. Na jijjiga shi, na kira shi. Sai munsharin nan ya fito sau ɗaya, ya ɗauke.

"Baba, kau da albasag ga, ba suma ba ne!"

"Ke mi kika sani?"

"Suma dai? Kowa ya san na hi ka saninsa."

Na durƙusa na fara danna masa ƙirji. Wani ya miƙo fura a ɗura masa, na yi ihu ya janye. Ɗan Kawu ya tare motar da ta zo lodin albasa. Anka ɗora Kawu a bayanta, munka yi ta karɓa-karɓar dannawa ni da ɗan nasa, hannu ya mutu, ɗaya ya hau. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙirjin. Na tuna Yaya ta ce ko an ji haka kada a tsaya.

A asibiti sunka manna masa wata na'ura da ta fizge shi da wuta, sunka kore mu waje.

Ya rayu. Da anka bar ni shiga, tambayar da ke cina na fara yi.

"Kawu, mi ka gani can lahira?"

"Ba komi. Ina buɗe ruwa, sai ga ni nan. Wa ya rufe mini kwata? Wa kuma ya karya mini haƙarƙari?"

Na ce tsohon nan mai albasa ne. Ai shi ke ta yawo a kasuwa yana cewa shi ya tashe shi.