Tambayoyin jarrabawa a kwandon shara

Taubashiyata, ƴar kawuna, a gida Makulli muke ce mata, don ko cokalinta sai ta sa wa kwaɗo. Shekara goma sha ɗaya tana buga takardu a wata makarantar sakandare, a ɗan ofis mai taga ɗaya, ita ma ta liƙe ta da kwali, wai tsuntsaye na leƙe. Duk tambayoyin jarrabawa ta hannunta suke bi, kuma tun ranar ɗaukar aiki shugaban makarantar ya gaya mata, ranar da aka samu matsala da su, ranar za ta bar kujerar.

Daga nan ta daina yarda da kowa. Malami ya kawo rubutun hannu, ta buga, ta ƙona takardar a bayan ofis, ta murje tokar da takalmi. Filash, ɗan abin ajiye fayil, kuwa ba ta taɓa shi, wai abin da ya shiga aljihunka zai shiga na wani. Sai ta samo maɓoya, kwandon sharar kwamfuta. Ta gama fayil ta jefa ciki, in tana so ta dawo da shi. Ta ce ba ɓarawon da zai tona shara.

Ana saura kwana uku jarrabawa kwamfutar ta yi nauyi. In ka danna abu, kana iya zuwa aski ka dawo ba ta amsa ba. Shugaba ya kira mai gyara. Makulli ta lalube aljihunsa a ƙofa, ta karɓe wayarsa, ta tsaya a kansa idonta na kan hannunsa, ba ta ko kallon allon. Ya ce rumbun ajiyar kwamfutar ne ya cika, ya kashe manhajojin da ke tashi da kansu, kwamfuta ta dawo tana gudu.

"Na ma kwashe miki shara, Anti. Fayil ɗari huɗu."

"Ka kwashe ka kai wa wa?"

Nan ya gane tambayoyin jarrabawa ya goge. Ya hana a ajiye komai a kwamfutar, ya sa wata manhaja ta tono abin da aka goge. Kafin la'asar komai ya dawo, ban da tambayoyin lissafi.

Haka Makulli ta je ɗakin malamai, kai a ƙasa, ta gaishe da malamin lissafi har sau biyu. Bawan Allah bai ja magana ba. Ya biyo ta ofis, ya zauna, ya karanto mata tambayoyi arba'in da ka tana bugawa. Aka yi jarrabawa, shugaba bai ji komai ba, kujera ta tsira.

Na ce ai sai ta je ta yi wa malamin lissafin godiya. Ta harare ni, ta rage murya.

"Tambaya arba'in da ka? Wallahi yana da kwafi a gida."