Ƙauyen Baba Apollos

Shekara talatin da huɗu Malam Hosea ya yi yana buga tafireta a gindin dalbejiya, bakin wata kotu a Jimeta. Duk wanda ba shi da takardar haihuwa wurinsa yake zuwa. Hosea zai dubi furfurarka, ya dubi aikin da kake nema, ya yanka maka shekaru daidai wuyanka. Rabin ma'aikatan unguwar Damilu shi ya haife su, akasari ranar ɗaya ga Janairu.

Da tsufa ya zo masa da ciwon suga, sai ya tsiri neman asali. So yake a binne shi a ƙauyen da aka haifi mahaifinsa, Baba Apollos, can kudancin Adamawa. Sai dai bai san sunan ƙauyen ba. Tsohon ya shigo Yola tun yana saurayi, ya yi gadi har ya mutu, kuma ba mai yawan magana ba ne.

'Yarsa Fibi, malamar firamare, ta ɗauki abin da zafi. Ta nemi rajistar baftisma a coci uku, ta tarar gara ta riga ta karantawa. Sai da ta yi wata takwas tana yawo kafin ta tono fayil ɗin tsohon a ofishin da ya yi gadi.

"Baba, takarda ya fito," in ji ta. "Ga hatimin kotu ma. A Numan aka haifi Kaka."

Hosea ya sa tabarau. Bai kai layi na biyu ba ya gane bugun tafiretarsa. Shi ya buga ta a 1978, ranar da layi ya kai bakin titi. Tsohon ya fara faɗin wani dogon suna, Hosea ya katse shi: "Baba, wa ya san wannan wurin? Mu sa Numan." Tsohon bai yi musu ba, ya dangwala yatsa ya koma bakin aikinsa.

Fibi har ta fara buga wa dangi waya. Kunya ta hana Hosea tsayar da ita. Ya zauna da takardar a cinya yana ta laluben ranar nan. Ya tuno rigar da tsohon ya sa, ya tuno facin da ke kafaɗarta. Sunan ne kaɗai bai tsaya ya saurara ba.