Mai Ɗanɗanar Ƙwaya

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin ina karatun mastar a fannin auna magunguna a laburatuwar, ɗakin gwaje-gwaje ke nan, wato mu ne ake koya wa niƙa ƙwaya a narka ta a sa a na'ura a ga ko abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ban yi dogon tunani ba na ce magungunan talla na kasuwannin Madawa da Buza da Keita, domin ina da tawa a ciki. Gwaggona da ta raine ni, a wani ƙauye kusa da Allakaye, hawan jini ke damunta, ga ƙafafu sun kumbura, amma ta ajiye maganin farmasi ta koma wa wani ɗan talla.

Ran kasuwar Allakaye na je na gan shi. Wani ƙato ne mai tumbi, fatarsa sai sheƙi take, ga tire cike da ƙwayoyi rana na dukansu tun safe. Ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma wai Dokta ake kiransa, kai jama'a! Dabararsa ɗaya ce: duk wanda ya sayi magani sai shi Doktan ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya haɗiye a gabansa. A tsayuwata ya sha na tsutsar ciki, ya sha na tazarar haihuwa, ya sha na raƙuma, mutane kuwa sai gyaɗa kai suke kamar sun ga waliyyi. Raini ya cika ni, na ce a raina wanda ke haɗiyar wannan tarkace bai faɗi ba, ai alli yake sha.

Na ce ya ba ni katin maganin hawan jini irin na Gwaggo, kuma kada ya ɓalli ko ɗaya. Ya kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, ya ce, "Abin da ban ɗanɗana ba, ba ni saida shi." Na ce ni ba baƙauye ba ne, ya miƙo kawai. Sai ya yi murmushi ya ce, "To tahi da shi, ba komi. Ina ɗanɗanawa daga baya."

Na sa katin a ambulan na manne na sa hannu a kan mannin, yadda aka koya mana. Da na koma makaranta, da rana tsaka na buɗe shi a laburatuwar, abokan karatuna na tsaye. Mannin bai motsa ba, ledar katin ba huda ko ta allura, amma na rantse da Wanda ya halicce ni kowace ƙwaya an gutsure gefenta, ga sawun haƙori, kuma da na ɓallo ɗaya sai na ji ta da damshi. Tsigar jikina ta tashi. Na kai wa farfesanmu, wani mai taƙama da karatun Turai wanda ko kasuwar ƙauye bai taɓa shiga ba, ya duba ta saman tabarau ya ce kuskuren masana'anta ne. Masana'anta mai haƙori! Na auna sauran, ba komai ciki sai alli da gari.

Na sayi maganin gaske a farmasi, don tabbaci ma na auna kati ɗaya daga kwalin da hannuna, ya fito cif. Na kai wa Gwaggo, na kwashe na ɗan tallar na zuba a masai. Ta ce, "Ɗana, shi wanga da bakinai yaka sha gabanka. Naku na farmasi wa ya taɓa ɗanɗana shi?" Na lallashe ta har ta rantse mini ba za ta ƙara sayen nasa ba, kuma Gwaggo ba ta saɓa rantsuwa.

Da na dawo hutu sai na tarar kumburin ya haura gwiwa, kanta na sara. Na yi faɗa, na ce ta daina sha ne. Ta jawo kwalin daga ƙarƙashin matashi ta nuna mini, tana sha kullum. Ta ce, "Ban sayi nashi ba ko sau guda. Ran kasuwa dai yakan tsaya bakin zaure ya gaishe ni, ya ce in sha da kwanciyar rai, ya ɗanɗana mani." Na tambaya ko ya taɓa shiga gidan, kowa ya ce ko zaure bai taɓa wucewa ba. Na duba katunan da suka rage, ledar lafiya lau, ƙwayoyin duk a gutsure.

Na koma da kati ɗaya na auna. Kwalin nan da na auna da kaina, yanzu alli ne zalla. Ban ma cire farar rigar aiki ba aka bugo mini waya, Gwaggo ta faɗi a bakin murhu.

Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya mutu, bakinta ya karkace. Na dawo da ita wurina, nesa da can. Shi kuwa wannan banza ina jin labari yana nan yana yawo daga kasuwar Sabon Gida zuwa ta Garhanga, tumbi sai ƙaruwa, ko ciwon kai ba a taɓa jin ya yi ba. Na samu digirina, farfesa ya sa na cire zancen haƙori daga rubutun, kuma har yau ban san abin da na gani ba.

Don Allah ku kai tsofaffinku asibiti, ku raba su da masu tire. In kuma kun ga mai haɗiyar ƙwaya a kasuwa, kada ku saya, kada ku tanka masa, ku wuce kawai. Ni nake ɓallo wa Gwaggo maganinta kowace safiya, kuma ba na sa mata a baki sai na juya ƙwayar na duba gefenta.