Ranar da na girgiza kwalbar Bafaranshe

Ko zan manta da komai na zamana a Doha, ban da ranar da na girgiza kwalbar nan. Watana biyu ke nan da kama aikin kai abinci a wani otal. Wani ɗan garinmu, shugaban masu hidima, shi ya tsaya mini, har ya ce wa manaja in na yi ɓarna a kama shi.

Wani tsohon Bafaranshe da matarsa suka zo cin abincin rana, suna murnar cika shekara talatin da aure. Tun kwana biyu kafin nan ya sa aka ware masa jar giyar inabi ta ƙasarsu, wadda aka yi a shekarar aurensu. Ita kaɗai ta rage a otal ɗin.

"Yalla, maza ƙanena, ɗauko ta," in ji ɗan garinmu.

Na same ta a tsaye a ma'ajiya, na ɗaga, sai na hangi wani baƙin gari kwance a gindinta. To ni kunu na sani da burukutu, kuma a wajenmu mai ba baƙo kunu bai motsa ba ya raina shi. Na girgiza ta da kyau, har ina yaba wa kaina hankali.

Ashe da gangan aka tsayar da ita don garin ya kwanta. Irin wannan giya a hankali ake tsiyaye ta cikin tulun gilashi, ana haska wuyan kwalbar da kyandir, a bar ta ta sha iska kafin a kurɓa da gasasshen naman rago. Ɗan garinmu ya kunna kyandir, ya fara zubawa, sai hannunsa ya tsaya. Giyar ta gurɓace kamar ruwan kududdufi.

"Wa ya taɓa ta?" Da Hausa ya tambaya, ƙasa-ƙasa. Manaja ya riga ya nufo mu, kuma in na yi shiru, laifin kan ɗan garinmu zai hau.

Da guntun Turancina na gaya wa tsohon abin da na yi da dalilina. Ya daɗe yana kallon tulun. Matarsa ta ce washegari da safe za su tashi, babu lokacin jira ta sake kwantawa. Aka tace ta da farin ƙyalle. Tsohon ya kurɓa, ya ajiye kofin, bai ƙara ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba a kore ni ba, amma wata shida na yi ina wankin kwanuka, ɗan garinmu kuma aka hana shi ƙarin girman da yake jira. Har yau bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun daga ranar na koyi cewa a wurin da ba naka ba, ko alheri za ka yi, fara tambaya.